Motar Malam Micah Ta Yi Ƙyasbi

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Haɗeja da Guri, da wuya a ce bai san Malam Micah ba. In bai san sunan ba, to ya san mutumin: gajere, kakkaura, da hular hana sallah da takalmin danko, yana tafe bisa wani tsohon babur wanda ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi. Mutumin Zonkwa ne, daga kudancin Kaduna. Aikin malamin gona ya kawo shi Haɗeja yana saurayi, tun ana Jihar Kano, da akwatin ƙarfe guda da niyyar yin shekara biyu ya nemi canjin wurin aiki. Shekara biyun nan ita ce ta zama talatin da biyar. A nan ya kawo matarsa Jumai, a nan aka haifi 'ya'yansu, Joy da Gideon, har bakinsa ya juye ya koma na Haɗejawa, in ya je gida ana yi masa dariya.

Manoman fadama ba su cika kiransa da sunansa ba. Murfi Biyu suke ce masa. Dalili kuwa, duk gonar da ya shiga ya tarar ana shirin feshi, sai ya karɓi kwalbar maganin, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya karanta rubutun jikinta tun daga sama har ƙasa, sa'an nan ya ce, "Murfi biyu a cikin ruwa cikin tanki. Ba uku ba. Kuma ba da tsakar rana ba." Ya sha ganin tattasai ya ƙone ƙurmus saboda mai shi ya ga kamar in ya ƙara magani ƙwari za su fi saurin mutuwa. Bai iya faɗa ba, amma ya iya naci. Mutum zai gaji ya bi maganarsa ko don ya huta.

Duk tsawon shekarun nan bai taɓa mallakar mota ba. Ba ya ma kawo zancen. Sai da ya ajiye aiki, haƙƙinsa ya fito, ya shiga motar haya ya tafi Kano bai gaya wa kowa abin da zai kai shi ba. Kwana biyu sai ga shi ya dawo da Korola 'yar Kwatano, ruwan hanta, tana ɗaukar ido. Dillalin da ya sayar masa ya dafa ƙirji ya ce fentin kamfani ne, tun da aka ƙera ta ko ƙuda bai taɓa gogar jikinta ba. Wannan maganar ta zauna wa Malam Micah a rai ƙwarai. Duk wanda ya zo taya murna sai ya zagaya da shi, ya ƙwanƙwasa bonet da bayan yatsa, ya ce, "Fentin kamfani ne wannan."

Jumai malamar firamare ce, kuma ba ta iya ganin abin dariya ta bar shi ya wuce ba. Ta ce tun da ta aure shi bai taɓa tashi da sassafe ya tambaye ta yadda ta kwana da irin fuskar da yake duban motar nan ba. Kullum kafin ya sha koko sai ya wanke ta, ya goge ta da tsohuwar singileti. Kasuwa kuwa, in za shi, babur yake hawa, wai kada 'yan amalanke su karce ta.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. A tsakar gidansu akwai wata babbar bishiyar maina, ita kaɗai ce inuwa, kuma balbelu sun mai da ita masauki. In ya ajiye motar a rana, ta yi zafi kamar tanda. In ya kai ta inuwa, tsuntsaye su yi mata ado, ga ƙaron bishiyar yana ɗiga yana daskarewa. A hankali bonet ya cika da ɗigo-ɗigo waɗanda sabulu ba ya fitarwa.

A shekarar, bikin Ista na Kirista ya faɗo cikin azumin Musulmi, a tsakiyar zafin bazara. Malam Micah ya ƙudura zai kai iyalinsa Zonkwa a motarsa, karo na farko a rayuwarsa da zai shiga garinsu ba a kujerar haya ba. Mahaifiyarsa na nan da rai, ta haura tamanin. Yana so ta ga motar tana walƙiya.

A lokacin kuwa ba a daɗe da buɗe wani sabon wurin wankin mota a bakin titin Nguru ba. Mai wurin, Nu'uman, magidanci ne mai kimanin shekara talatin da biyar, ɗan Kaugama, wanda ya yi shekaru a Kano yana koyon sana'ar. Ba irin wankin bokiti da soso yake yi ba. Yana da injin da ke feso kumfa, da na zuƙe ƙura, da wani mai faifai yana juyawa wanda ake goge fenti da shi har mutum ya ga fuskarsa. Ga kwalabe jere a kan kanta, kala-kala. Manyan gari duk can suka koma.

Ranar Litinin ta makon Ista, da hantsi, Malam Micah ya kai motar. Ya nuna wa Nu'uman ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ƙaramin aiki ne, Baba," in ji Nu'uman. "Ka dawo bayan la'asar. In ka gane ta, ka ce ban iya ba."

"Ka dai bi ta a hankali. Fentin kamfani ne."

"Na gani, Baba. Ka kwantar da hankalinka."

Ya hau acaɓa ya koma gida, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, amma barci ya ƙi. Ƙarfe huɗu da rabi ya koma. Tun daga nesa ya lura an juya motar, gabanta na kallon katanga, an kuma shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kan bonet. Jikinta kuwa sai sheƙi yake, ƙofofi da bayanta kamar madubi. Nu'uman ya taro shi da fara'a mai yawa, ya buɗe masa ƙofa ya ce ya shaƙi ƙanshin ciki, ya nuna masa tayoyi, ya nuna masa but ɗin baya. Malam Micah ya yaba komai, sa'an nan ya zagaya gaba ya ɗage tawul ɗin.

A tsakiyar bonet akwai wani farin tabo mai faɗin faifai, dishi-dishi, gefensa ya yi zobe-zobe. Kusa da shi wasu ƙanana uku. A bakin bonet ɗin kuma, wajen lanƙwasa, fentin ya cinye har wani toka-toka ya leƙo daga ƙasa. Ya sa yatsa ya shafa. Wurin ya yi kaushi.

Ya ɗago kai. Nu'uman ya riga shi magana.

"Baba, gaskiya fentin nan dama ya mutu. Datti ne ya rufe shi. Da na wanke sai ciwon ya bayyana."

"Ya mutu?"

"Haka ake samu a irin waɗannan motocin."

Malam Micah ya sake duban tabon. Ya san halinsa, in ya yi magana a wannan yanayin, in'ina ce za ta kama shi, ya zama abin kallo, ga mutane zaune a benci suna jiran motocinsu. Sai ya karɓi makulli, ya ce, "To, na ji," ya shiga ya ja.

Jumai na tsakar gida tana tsince shinkafa ya shigo. Ta taso ta duba, ta karkata kai, ta sake dubawa.

"Baban Joy, ƙyasbi ta yi?"

Ya harare ta. Ta kama baki, amma kafaɗunta na rawa. Da ta ga idonsa ya kaɗa, sai ta bar dariyar, ta kawo masa ruwan randa, ta zauna kusa da shi a kan dakali. Ya gaya mata abin da Nu'uman ya ce.

"Ƙarya yake yi," in ji ta. "Ba jiya Joy ta sa ka ɗauki hoton motar ka tura mata ba? Duba wayarka."

Ya duba. Ga bonet nan a hoto, da ɗigonsa na tsuntsaye, amma babu fari ko na ƙwayar gero.

Kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa, masu ba da shawara suka yi ta sallama. Wani ya ce a shafa man goge baki. Wani ya ce man gyaɗa da toka. Wani tsohon ɗan sanda da suke coci ɗaya ya ce a bar masa, kafin azahar zai sa a rufe yaron. Wani direban tasha ya ce abu mai sauƙi, a manna babbar sitika a wurin, ko ta ƙwallo ko ta addu'a. Malam Micah ya yi wa kowa godiya. Man goge bakin dai, da ya ga ba kowa, ya gwada a gefe ɗaya. Bonet ya yi ƙanshin na'ana'a, tabo na nan inda yake.

Abin da ya fi cin ransa ba tabon ba ne, rashin sanin yadda aka yi ne. Shekara talatin da biyar, in gona ta ƙone, ba ya barin wurin sai ya gano dalili. Don haka ranar Talata da safe ya ɗauki tabaransa da ɗan littafin da yake zuwa gona da shi, ya hau babur, ya nufi titin Nguru.

Nu'uman na ganinsa ya ajiye tiyo. Ya leƙa bayansa ya ga ko da 'yan sanda ya zo. Ba kowa.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji Malam Micah. "Zo mu koma gefe. Kawo mini duk abin da ka zuba wa bonet ɗin nan."

Suka zauna a benci bayan shago. Nu'uman ya kawo kwalba biyu. Malam Micah ya ɗora tabarau ya fara da ta farko, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Nu'uman na tsaye kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Wannan ta cire ƙaro da kwalta ce. Ka surka ta?"

"Ai ƙaron ya daskare, Baba. Na ga in na surka ba zai fita ba."

"An ce kashi ɗaya nata, kashi goma ruwa. A ina motar take lokacin da ka zuba?"

Nu'uman ya nuna filin da ke gaban shagon, inda ko inuwar sanda babu.

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen sha biyu da rabi."

"An ce kada a zuba a kan ƙarfe mai zafi. An ce kada ta wuce minti ɗaya. Minti nawa ta yi?"

Nan Nu'uman ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce yana cikin zubawa wani Alhaji ya iso da jif, yana sauri zai tafi Dutse, ya tsaya a kansa sai an sallame shi. Da ya dawo, maganin ya bushe a kan bonet, ya yi fari. Tsoro ya kama shi, ya ɗauko injin gogewa ya ƙure masa gudu, ya danna da ƙarfi don ya kankare farin, sai ya ga faifan injin ya rine da ruwan hanta.

"Wallahi Baba, tun jiya ban samu sukuni ba. Ga azumi a bakina, ga ƙarya na yi maka. Ko ruwan buɗa baki da ƙyar ya wuce."

Malam Micah ya rufe littafinsa. Wani abin mamaki, sai ya ji ransa ya yi sauƙi. Irin wannan labarin ya ji shi sau ɗari a bakin gona, da tattasai, da tumatir, da kankana.

"A Kano ba a koya maka karanta kwalba ba?"

"Maigidana ba ya karantawa. Da ido yake aunawa, mu ma haka muka tashi. Kuma can a ƙarƙashin rumfa muke aiki."

"To ka ji bambancin. Yanzu me za a yi?"

Nu'uman ya ce wannan ya wuce gogewa, sai mai fenti, kuma duk Haɗeja babu kamar Zarami. Ya ce nauyin gyaran a wuyansa yake, ko me za a yi.

Zarami dattijo ne Babarbare, dogo, siriri, garejinsa na can bayan kasuwar kifi, inda warin fenti da na banda suke gasa. Ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar aiki. Da la'asar suka kai masa motar su biyu. Ya zagaya ta sau biyu, ya tsuguna ya dubi bonet ta gefe, inda haske ke kwanciya. Ya ce ruwan ƙyallin da ake fesawa a saman fenti, wanda suke kira kiliya, shi ne ya ƙone, a baki kuma an ci har fentin kansa. Sa'an nan ya zaro wani ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ɗora a kan ƙofa. Ya kama ƙam. Ya ɗora a rufin motar, ya kama. Ya ɗora a bakin bonet, sai ya zame ya faɗi ƙasa.

"Malam, wa ya ce maka fentin kamfani ne?"

Malam Micah ya dubi maganaɗisun a ƙasa, Zarami ya ci gaba.

"Sauran jikin, na kamfani ne. Bonet ɗin nan kuwa ya taɓa cin duka. An buga shi, an cike lotsawar da fila, an fesa, shi ya sa maganaɗisu ya ƙi kamawa. Kuma wanda ya fesa ya yi rowar kiliya, shafa ɗaya ya yi mata. Da na kamfani ne, da zai yi tabo, amma da wuya ya cinye haka."

Nu'uman ya ɗago kai, fuskarsa ta ɗan washe. Zarami ya dube shi.

"Kai kuma kada ka yi murna. Mai rauni aka kawo maka, ka ƙarasa shi."

Malam Micah ya sunkuya ya ɗauki maganaɗisun ya gwada da kansa. Ya sake zamewa. Ya tuna mutanen da ya zagaya da su yana ƙwanƙwasa wannan wurin, daidai wannan wurin, har da Fasto. Sai dariya ta kufce masa, ya yi ta yi har ya dafa mota. Zarami bai yi dariya ba, ya jira ya gama, ya miƙa hannu ya karɓi abinsa.

A nan suka daidaita. Malam Micah ya ce tun da bonet ɗin da ciwonsa ya zo, ba zai ɗora wa Nu'uman duka ba, shi zai sayi fenti, Nu'uman ya ji da sauran. Nu'uman ya ce ya yarda, kuma shi da hannunsa zai zo ya kankare tsohon fentin da samfefa.

"Ran Alhamis nake son ta," in ji Malam Micah. "Juma'a da sassafe za mu kama hanyar gida."

"Ba zai yiwu ba," in ji Zarami. Ya ce irin wannan kalar sai an haɗo ta daga Kano, kuma sai an cire marfin tankin mai an tafi da shi don a gwada. In ta zo, a fesa, a bari ta sha iska, a sake fesawa. Mako biyu, in an yi sauri. "In kana son na kwana biyu, akwai masu yi. Irinsu ne suka yi maka wannan."

Ya ga fuskar Malam Micah ta canza, sai ya shiga bayan gareji, aka ji ƙarar ƙarafa. Ya fito yana jan wani bonet na Korola, lafiyayye, ba ko lotsawa. Sai dai fari ne tas.

"Ka tafi da wannan aro. Naka ya zauna a yi masa aiki a natse."

Malam Micah ya dubi farin bonet, ya dubi motarsa ruwan hanta. Ya ce zai yi shawara da gida.

Jumai ba ta ɓata lokaci ba. "Da ƙyasbi da farin goshi, ni na zaɓi farin goshi. Ko ba komai mutane za su ɗauka gayu ne."

Haka aka yi. Ranar Juma'a suka ɗauki hanya, but cike da buhun shinkafar Haɗeja da kwandon bandar kifi, suka biya Kano suka ɗauki Joy. Ita ma da ta fito ta ga motar sai da ta zauna a kan akwatinta ta yi dariya ta more. A wani shingen hanya jami'i ya tsayar da su ya tambayi kalar motar a takarda. Malam Micah ya fito ya soma ba shi labari tun daga balbelu. Bai kai ga Zarami ba mutumin ya miƙa masa takardunsa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Tun daga Saminaka yake shirya bayanin da zai yi wa 'yan'uwa. Da suka isa Zonkwa, gida ya fito, aka yi ta guɗa, yara suka kewaye mota. Aka riƙo tsohuwa ta fito a hankali. Idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta shafa farin bonet ɗin Zarami, ta ce a buɗe mata ta zauna. Ta zauna a gaba, ta jingina, ta yi ajiyar zuciya.

"Micah, duk wannan taka ce?"

"Tawa ce, Mama."

"To kai ni kabarin babanka, daga nan mu biya gidan ƙanwata. Rabona da ita tun da ƙafa ta ƙi."

Kwana biyar ya yi yana jigilar tsofaffi. Ya kai wannan asibiti, ya kai waccan gaisuwar mutuwa, ya kai 'yan zumuntar mata coci har sawu uku ranar Lahadi. Aka zubar masa da kunu a kujerar baya, wata akuya ta yi tafiyar mil huɗu a but. Cikin dukan mutanen nan, mutum ɗaya ne ya tambaye shi zancen bonet, wani ƙaninsa makanike, shi ma cewa ya yi, "Wa ya ba ka wannan? Ya fi na ainihi kauri."

Da suka dawo Haɗeja an sha ruwa, gari ya yi Sallah. Ya tarar Nu'uman ya cika alkawari: kwana uku yana zuwa garejin Zarami da safe yana gurzar bonet, har yatsunsa suka yi kanta. Zarami ya ƙwaƙule tsohuwar filar, ya sake buga ƙarfen ya miƙe, ya fesa fenti, ya bi da kiliya shafa uku. Ranar da aka ɗaura, Malam Micah ya ja da baya ya duba. Ya yi kyau ƙwarai, har ya ɗan fi sauran jikin motar haske.

"Sabo ne," in ji Zarami. "Ka ba ranar Haɗeja bazara biyu, za ta daidaita su."

Nu'uman kuwa ya kafa rumfar kwano a gaban shagonsa, ya daina taɓa mota in bonet bai huce ba. Ya sayi kofin awo irin na masu maganin feshi. In ya sayo sabuwar kwalba, sai ya biyo ta gidan Malam Micah da yamma, su zauna a dakali a karanta masa, ya rubuta da Hausa a jikin takarda ya manna. Da aka ga yana yawan zuwa, Jumai ta soma ajiye masa kunun zaƙi. Malam Micah bai sake kai masa gogewa ba, wanki kawai, kuma yana zaune a benci har a gama. Nu'uman bai taɓa nuna ya ji haushin haka ba.

Motar ma ta sauka daga gadon sarauta. Yanzu ita ke zuwa kasuwa. In tsofaffin manomansa na Guri suka kira shi ya zo ya duba musu shinkafa, ita yake shiga, ya ajiye ta inda kwalta ta ƙare, ya ƙarasa da ƙafa. Ya sayi tamfol ya lulluɓe ta a ƙarƙashin mainar, ya bar wa balbelu duniyarsu.

Da damina ta tsaya, Jumai ta ce ita fa ta gaji da hawa acaɓa zuwa makaranta, sai ya koya mata tuƙi. Suka yi mako uku suna zagaye a filin ƙwallo. Ranar da ta fara shigo da motar gida da kanta, yana tsaye yana yi mata alama da hannu, ta karya kan motar da wuri, ƙofar baya ta gogi ƙarfen get. Ƙarar ba ta da yawa, amma kowa a gidan ya ji ta. Ta kashe mota, ta zauna riƙe da sitiyari, ta ƙi fitowa.

Malam Micah ya zagaya ya tsuguna. Karce ne siriri, tsawon ɗan yatsa. Ya shafa, ya hura, ya sake shafawa.

"Maman Joy, jan farcen nan da kika sa ranar bikin 'yar Fasto, yana nan?"

Ta leƙo ta taga. "Yana nan. Me za ka yi da shi?"

"Kawo mu gani."

Ta shiga ɗaki ta kawo. Ya girgiza 'yar kwalbar, ya ja layi ɗaya a kan karcen a hankali, harshensa a waje. Suka ja da baya su biyu suka duba. In ba an nuna wa mutum ba, ba zai gani ba. Ya rufe kwalbar ya jefa a aljihun gaban mota.

"Wannan ya zama na mota," ya ce. "Gobe ki ƙara buɗe hannu kafin ki karya. Akwai sauran abinci?"